Furar Bakin Ƙofa

Agadas, Oktoba 1984

Yaya Illiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kuma karatun asibiti bai ƙarasa cinye ɗan naman da ka tafi da shi Yamai ba. Inna na gaishe ka. Mu lafiya lau, irin lafiyar bana. Damina ta zo ta wuce ba mu ga fuskarta ba. Mutanen daji sun cika bayan gari da bukkokin tabarma, dabbobinsu sun ƙare, sojoji ke rabon jar dawar taimako. Ni ke tsaya wa gidanmu a jeri, har ƙafafuna sun san kowane dutse na filin rabon.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami, Baba ne. Ka tuna bara da tetanos, ciwon nan mai sandarar da jiki, ta kama shi aka kai shi asibiti can arewa, ya yi makonni da tiyo a maƙogwaro inji na yi masa numfashi. Mun yi murna da ya dawo da ƙafarsa. To, tun bayan sallar layya numfashinsa ya soma fito. Da farko sai in ya yi zuga a maƙera, har muna tsokanarsa wai ya samu sarewa kyauta. Yanzu dariya ta ƙare. Daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya ya dafa bango. Ba ya iya kwanciya, a jingine yake barci. Ya rufe maƙera, ga zoben azurfar mutane bai gama ba, kuma ka san Alkasum maƙeri bai saba a zo ƙofarsa a koma hannu wofi ba. Wannan ya fi ciwon cin ransa.

Manjo, babban mai jinya na asibiti, ya ce fuka ce, ya ba mu ƙwayoyi, ba su yi komi ba. Daga baya wani likita ya ɗauki hoton wuyansa ya ce ba fuka ba ce. Wai tiyon nan da ya cece shi ya bar tabo a cikin maƙogwaro, tabon ne ke tsukewa, hanyar iskar na ta ƙanƙancewa. Ya ce a nan babu mai taɓa wurin. Amma akwai ayarin likitoci da jirgin soja zai kawo saboda mutanen bayan gari, a cikinsu akwai Doktor Kadidia, likitar maƙogwaro, ita tana iya buɗa wurin. An rubuta sunan Baba.

Yaya, ka zo. Kai ke karatun sa mutane barci don a yi musu aiki, kai ka san yarensu. Ni ɗinki na iya, faransancina kuwa ya tsaya inda na baro karatun lakwal. In likita na magana ina gyaɗa kai ne kawai, in na fito in rasa rabin abin da ya faɗa. Na gaji, kuma tsoro nake ji, gara in gaya maka gaskiya.

Ƙanwarka,
Saratu


Yamai, Nuwamba 1984

Ƙanwata Saratu,

Wa alaikumus salam. Wasiƙarki ta same ni lafiya, sai dai ta daɗe a hanya, kuma da alama wani ya riga ni karanta ta, don an sake liƙe bakinta. Ki gaida Baba da jiki, ki gaida Inna. Ni lafiya, naman da kike tambaya kuwa yana nan, kaɗan ne dama.

Zancen zuwa, na nema. Shugaban lakwal ya ce tun rigimar ɗalibai ba a ba kowa permisyon na tafiya gida. Wanda ya fita gari ba takarda, jandarma za su sauke shi a shingen farko, kuma ya yi sallama da karatu ke nan. Na yi magiya har na ji kunyar kaina. Ba zan iya zuwa ba, Saratu. Abin da zan iya shi ne in rubuta miki komi dalla-dalla, ki riƙe shi da kyau.

A aiki irin wannan ba wuƙa ce abin tsoro ba, barcin ne. Yanzu Baba yana farke, jikinsa na kokawa yana jawo iska ta ƴar kafar da ta rage. Da an sa shi barci mai nauyi, jiki ya saki, kokawar ta tsaya. Mai lafiya sai mu zura masa tiyo mu yi masa numfashin. Baba kuwa tiyon ba zai wuce ba. Shi ya sa za su sa shi barci a hankali da gaz ɗin da ake shaƙa, yana ɗan jingine, yana numfashi da kansa, sannan likita ta zura ƙarfe mai rami ta baki ta buɗa wurin kaɗan-kaɗan, iska na bi ta cikin ƙarfen. Ba yanka, ba huji. In Allah ya so, zai farka da numfashinsa da muryarsa. Na san Illo, mai sa barcin da ke yawo da Doktor Kadidia, a hannunsa na koyi aiki bara. Ba ya gaggawa, kuma ba ya jin kunyar cewa a dakata.

Yanzu ga naki aikin. Kada kowa ya ba Baba maganin barci, ko na asibiti ko na gargajiya. Kada a kwantar da shi rigingine. Kada wanzami ya kusanci wuyansa. Babba kuma shi ne wannan: daga sallar isha'i ta jajibirin aikin, kada komi ya shiga cikinsa. Ba tuwo, ba shayi, ko ruwa. In akwai abu a ciki, mai barci na iya yin amai bai sani ba, aman ya gangara huhu ko ya toshe kafar da ta rage masa. Na ga hakan da idona, ba na son in ba ki labarin.

Ki karanta wa Baba da Inna wannan wurin da ƙarfi, ki maimaita. Na san Inna, abin da bai yi mata ba, kunnenta ba ya kama shi.

Allah ya ba Baba lafiya, ya saka miki da alheri. Na bar miki kaya mai nauyi, na sani.

Yayanki,
Illiya


Agadas, Nuwamba 1984

Yaya Illiya,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, Baba na nan yadda yake, sai dai fiton ya ƙara siranta, yanzu daga tsakar gida ana jin sa. Wasiƙarka ta iso. Ban ji daɗin rashin zuwanka ba, amma ban yi fushi ba. Fushi ma ƙarfi yake so.

Na zaunar da su na karanta, na maimaita kamar yadda ka ce. Baba ya saurara har ƙarshe, ya sa na sake karanta wurin cikin, sannan ya ce, "Na ji." Inna kuwa ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe karatun yunwa ya tahi yi. Ƙasa duk yunwa, shi kuma ya aiko muna da tashi cikin takarda." Na yi dariya ban shirya ba, Baba ma ya so yi, tari ya hana shi.

Wanzami ya zo sau ɗaya, Inna ce ta kira shi ya yi wa Baba ƙaho a wuya. Na tare shi a zaure na sallame shi da haƙuri, ta yini ba ta yi mini magana ba. Yanzu ta koma wurin Malam Idi, yana yi wa Baba rubutu kowace safiya. Wannan ban hana ba, ruwa ne da addu'a. Na dai ce mata ranar aiki ban da shi. Ita ma ta ce ta ji.

Tuwon jar dawar nan ba ya wuce wa Baba, yana shaƙe shi, kunu kawai muke yi masa. Wani abu kuma: Inna ta ba wani baƙo daga Damargu babban matashin kanta na fata, wanda ta zo da shi gidan nan, ya ba ta ɗan gero a ƙwarya. Gero na gaske, Yaya, na manta kamanninsa. Na ɗauka kunun Baba za a yi da shi, sai ta ƙulle shi a tsumma ta ɓoye. Da na tambaya ta ce ba na ci ba ne. Ban ja ba, ba ni da sauran bakin ja.

An ɗage zuwan likitocin har sau biyu, wai sojoji na da buƙatar jirgin. Yanzu an ce farkon watan gobe. Kullum in na dawo daga jeri sai na biya asibiti na tambaya, har mai gadi ya soma ba ni amsa tun ban buɗe baki ba.

Ka yi mana addu'a.

Saratu


Yamai, Janairu 1985

Saratu,

Ina gaida ku, ina fatan kuna lafiya, in har akwai wanda zai gaya mini. Tun wasiƙarki ta Nuwamba ban sake ganin ko layi ɗaya ba. Jiya na yi karo da Gambo shofer, mai tuƙa kamiyon kaya, a tasha, ya kama hannuna yana yi mini jaje, wai an huda wuyan Baba, ƙarfe ne a wurin, ko magana ba ya yi. A bakin mai kamiyo zan ji wannan?

Ba haka aka shirya ba. Buɗawa aka ce za a yi, ba huji ba. Me ya faru? Ƙarfen ne ya ƙi wucewa? An ba shi wani magani a gida? Ko kin bari an kwantar da shi? Na zauna na rubuta miki komi da hannuna, ba abin da na rage. Abu kaɗan na roƙe ki ki tsare.

Na je neman Illo, an ce suna can gabas da ayarinsu. Ban iya karatu, ban iya barci. Ki rubuto mini yau ɗin da wannan ta same ki, kada ki ɓoye mini komi.

Illiya


Agadas, Janairu 1985

Yaya Illiya,

Sallama. Baba na da rai, yana numfashi, yana cin abinci. Na fara da wannan don hankalinka ya kwanta ka iya karanta sauran. Na rubuta maka tun satin da aka yi abin, na kai gidan waya da ƙafata. In ba ta iso ba, ka tambayi masu liƙe bakin wasiƙu. Taka kuwa ta iso da wuri, irinta ba ta ɓata.

Ga yadda aka yi. Jajibirin aikin na tsare komi. Bayan isha'i na kwashe har butar ruwa daga kusa da shi. Da safe na fita kiran mai amalanken da zai kai mu asibiti. Ina dawowa na tarar da su a zaure, Baba zaune da rawaninsa, Inna durƙushe gabansa ta tallabo ƙwarya, bakinsa a ciki. Geron nan ne. Ta dama fura da dabino da cuku, ta zuba rubutun Malam Idi. Ka san al'adar gidanmu: Baba bai taɓa fita tafiya ba, ko Ingal ko Tawa, sai ta dama masa ya sha a bakin ƙofa daga hannunta. Ni ce ban kawo a raina cewa asibitin da ke cikin gari tafiya ce a wurinta ba.

Na ce, "Inna! Me na karanta muku?"

Ta ce, "Wannan ba abinci ba ne, guzuri ne, kuma sunan Allah ke ciki. Mutum bai tahiya inda ba a san dawowa ba da ciki wayam."

Ina tsaye, ban kai hannu ga ƙwaryar ba. Kafin in san abin yi, Baba ya shanye.

A kan amalanke na yi ta saƙawa da kwancewa. An riga an gaya mana jirgin zai tashi kafin azahar, don ƙyanda ta ɓarke a wani sansani. In na yi shiru, za a buɗa masa ya dawo da muryarsa, wataƙila ba abin da zai faru. In na faɗa, ban san me zai biyo baya ba. Ga girgizar hanya ta ƙara tsuke shi, wuyansa na loɓawa duk jan numfashi.

A ƙofar ɗakin fiɗa Illo ya tambaya, "Ya ci wani abu, ko ya sha?" Baba ya kalli bango. Na ce, "Ya sha fura, ƙwarya guda." Illo bai yi faɗa ba, ya dai aje abin da ke hannunsa a hankali. Doktor Kadidia ta fita da kanta ta roƙi sojan da ke da jirgin ya jira zuwa la'asar, cikin ya sauka. Ya ce umarni aka ba shi. Ta dawo ta zauna gaban Baba, idanunta jajur don gajiya, ta ce masa ba za ta sa shi barci da fura a ciki ba, kuma ba za ta tafi ta bar shi haka ba, don yadda ta ga wurin ba zai kai ƙarshen sanyi ba. Abin da ya rage, ta huda ƙasa da tabon yana farke, ta sa ɗan bututun da suke kira kanul, iska ta riƙa bi ta nan. Baba ya tambaya, "Magana fa?" Ta ce, "Sai ranar da aka buɗa saman." Sai ya warware rawaninsa ya miƙa mini.

Sun ce in zauna, tunda a farke yake yana buƙatar muryar da ya sani. Aka jingine shi, aka yi masa allurar kashe zafi a wuya, Illo na riƙe da oksijen a hancinsa. Matsalar, likita na so ya ɗaga haɓa baya ta ga wurin, shi kuma da ya ɗaga sai iska ta yanke, leɓɓansa su yi baƙi. Sai Illo ya ce a dakata. A dakata, a ɗago shi, ya jawo, ya jawo, a sake komawa. Ban san sau nawa ba. Ina riƙe da hannuwansa ina ta surutu, har labarin jerin dawa na ba shi don na rasa abin faɗa. Ya matse mini yatsu, ka san hannun maƙeri.

Can ya yi wani tari, jini ya fantsamo mini a zane, sai na ji fiton ya ɗauke. Shiru. Na ɗauka ya tafi, na buɗe baki zan yi salati. Illo ya nuna mini ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Ashe na manta ne yadda numfashin mutum yake in babu ƙara.

Ba a ba shi magani ba, ba a kwantar da shi ba, wanzami bai taɓa shi ba. Abu kaɗan ka roƙe ni, haka ne. Har yau ban san ko daidai na yi da na faɗa ba. In na ga yana motsa baki ba abin da ke fita, sai in ce da na yi shiru.

Saratu


Yamai, Fabrairu 1985

Ƙanwata Saratu,

Sallama da gaisuwa, da neman gafara. Na karanta wasiƙarki a tsaye, na sake karanta ta a zaune. Na yi miki magana kamar wadda ba ta yi komi ba, alhali ke kika tsaya inda ya kamata a ce ni ne. Ki yafe mini.

Daidai kika yi. Ki cire wannan daga ranki. Illo ya dawo, na same shi, ya ce da kin yi shiru, da wataƙila gawa za su miƙo muku. Ya ce in gaishe da mai labarin jerin dawa.

Kanul ɗin yana son kula. Na cikin a riƙa ciro shi ana wankewa da tafasasshen ruwan da ya huce. A rufa bakinsa da ƙyalle mai shara-shara saboda ƙuda da rairayi. In ya toshe, kada a tsaya neman shawara, a ciro na cikin nan take. Kuma ba na har abada ba ne. Doktor Kadidia ta ce in an samu hanya a kawo shi nan Yamai, ko in sun sake zagayowa, za ta buɗa saman. Yanzu ma aikin ya fi sauƙi, tunda akwai inda iska za ta bi yana barci.

Amma ba zan ɓoye miki ba, raina a ɓace yake. Baba tsoho ne, ciwo ya galabaitar da shi, an miƙa masa abu ya sha, ba na ganin laifinsa, mantawa ya yi. Inna ce. An karanta mata, ta ce ta ji, ta je ta yi abin da ta ga dama. Ƙwarya guda ta raba mutum da muryarsa. Ki karanta mata wannan: Inna, ina gaishe ki, amma furar nan ita ta jawo hujin, kuma in aka sake, ba huji za ta jawo ba. Ki karanta mata yadda na rubuta, kada ki sassauta. Gara ta ji zafi yanzu.

Yayanki,
Illiya


Agadas, Maris 1985

Yaya Illiya,

Sallama. Na yafe, dama ban riƙe ba. Muna lafiya. Zafi ya soma, dawar taimako ta ragu, jerin ya ƙaru. Baba ya koma maƙera, ba ya zuga saboda hayaƙi, amma yana goge-goge, ya gama zoben mutane. In yana son wani abu sai ya ƙwanƙwasa ƴar gudumarsa a tasa. Ya ciro na cikin kanul ɗin ya jujjuya shi a rana, ya taɓe baki. Aikin bai yi masa ba.

Na karanta musu wasiƙarka, wurin gaisuwa da wurin wanke kanul. Saƙonka na Inna ban karanta ba, kuma ba zan karanta ba.

Kana ganin ba ta sani ba? A bakin ɗakin fiɗa take zaune lokacin da likita ta fita roƙon sojan, ta ji komi. Tun ranar ba ta ɗaga murya a gidan nan ba, Innar da ake ji daga bakin masallaci. Ita ke tafasa ruwan, ita ke wanke ƙyallen, in ya yi tari kafin in motsa ta isa. Ko sunan Malam Idi ba ta sake kira ba. Ban san wane zafi ya rage da kake so in ƙara mata ba.

Kuma ka karanta wasiƙata ba daidai ba. Ban ce Baba ya manta ba. Mutumin da ya sa aka sake karanta masa wurin cikin? Da asubar ranar ko bakinsa bai yarda ya kurkure sosai ba wajen alwala. Lokacin da na shigo zauren na yi magana, ya ji ni sarai. Ya ɗago ido ta saman ƙwaryar ya kalle ni, sannan ya kalli Inna a durƙushe, ya ci gaba da sha. Ya san abin da ta bayar ta samu geron. Ya san in ya ture ƙwaryar ya tafi bai dawo ba, da wannan za ta zauna har ta mutu.

Akwai abin da ban rubuta maka ba, don saƙon ba naka ba ne. Bayan ya miƙa mini rawanin, kafin a yi masa allurar, ya jawo ni kusa. Kalma ɗaya-ɗaya yake fitarwa, yana hutawa. Na ɗauka wasiyya ce, ko zancen maƙera, ko kai. Ya ce, "Ki ce ma Innarku furar ta yi daɗi." Ita ce maganarsa ta ƙarshe da murya. Na isar, ta rufe fuska da mayafi.

Ka ce za a sake aikin, ko nan ko Yamai. Allah ya kawo ranar. Ba na jin Inna za ta sake damawa. Amma ban rantse ba, kuma in ta dama, Baba zai sha. Na tsaya a jeri, na kori wanzami, na faɗa wa likita gaskiya, na riƙe hannunsa ana huda shi. Wannan ɗaya ne ban iya ba, kuma takarda ba za ta yi maka shi ba. In ranar ta zo, ka nemi permisyon ɗinka ko ta halin ƙaƙa, ka zo ka tsaya a zauren. In akwai ƙwarya, kai za ka karɓe ta daga hannunta.

Ƙanwarka,
Saratu